Tashi da ƙafarka bayan karo ba shi ne lafiya ba

'Yan'uwana matasa masu hawan babur, ku ji wannan da kunnen basira. Turken wutar lantarki, bishiya, katanga, bakin kwalbati, tirelar da aka faka ba fitila, duk halinsu ɗaya: ba sa matsawa. Wanda ya zame a kan kwalta yana rage gudu a hankali, fata ce ke biyan kuɗin. Wanda ya daki abin da ke tsaye kuwa, gudunsa duka a jikinsa yake ƙarewa nan take. A gudun kilomita 60 a awa, kamar faɗowa ne daga tsayin mita 14. In ka ninka gudun, ƙarfin dukan sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba.

Yawanci ido ne ke kai mutum. Ka shiga kwana da gudu, ka tsorata, ka ƙura wa turken ido, babur kuma inda ka kalla nan yake bi. Kalli hanyar da kake so ka fita. Kuma ka koyi matsa birkin gaba a hankali kana ƙarawa, domin shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayawa, ba na ƙafa ba.

Babur ya tsaya, kai ba ka tsaya ba. Ƙugu ya daki tanki, cinya ta daki kan babur, sannan kai da kafaɗa su isa ga abin. Karayar cinya kaɗai tana iya zubar da jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin nama, ta ƙugu ta fi haka, alhali jinin baligi duka kusan lita 5 ne. Ɗigo ɗaya ba za ka gani a ƙasa ba. Saifa da hanta ma haka suke tsiyaya a ɓoye. Shi ya sa za ka ga yaro ya miƙe yana karkaɗe wando, yana tambayar ina mashin ɗinsa, bayan awa biyu leɓe ya yi fari, gumi mai sanyi ya rufe shi, yana roƙon ruwa. Kada a ba shi, a kai shi asibiti. Buguwar kai ta fi yaudara: mutum ya suma, ya farfaɗo yana hira ras, jini kuwa yana taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, maimaita tambaya ɗaya, ko ruwa daga kunne ko hanci, ba abin jiran wayewar gari ba ne.

Ku da kuka fara isa wurin, a kashe injin. Kada a ɗaga wanda ya faɗi a zaunar, kada a fizge hular kwano sai in numfashi ya tsaya ko amai zai shaƙe shi, shi ma mutum biyu ne za su cire ta, ɗaya riƙe da wuya. Ƙashin wuyan da ya tsage, ɗaukar ganganci ce ke sa ya taɓa laka, ƙafafu su tafi har abada. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa. Ƙashin da ya ɓullo waje kada a mayar da shi, a rufe, yana buƙatar wanki a asibiti da allurar tetanus a ranar.

Jinya kuma nan ne sauri ke haifar nawa. Wuyan hannu yakan ɗauki mako 6 zuwa 8, ƙwauri da cinya wata 3 zuwa 6. Zafi yana lafawa tun ƙashi bai yi ƙwari ba, sai saurayi ya jefar da sanda ya hau babur, ƙarfen da aka sa masa ya lanƙwashe, a koma tiyata. Hoton ƙashi ne ke ba da izinin takawa, ba jin daɗin jiki ba. Ɗauri ko filasta da ya matse har yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, zafi ya ƙi jin magani, a sassauta shi nan take, in ba haka ba cikin awoyi nama ya mutu a yanke. Sigari na jinkirta haɗewar ƙashi. Motsa gaɓa da likita ya tsara, ko da ciwo a yi, don gwiwar da ta yi watanni a miƙe sandarewa take yi.

In hannu ya saki bayan kafaɗa ta bugu, mai yiwuwa jijiyoyin da suka fito daga wuya ne suka ja ko suka tsinke. Jijiya milimita ɗaya take tsirowa a rana, kuma gyaranta ya fi yin nasara a cikin wata 6 na farko, don haka kada a zauna ana shafa man zafi.

Hular da ta sha duka sau ɗaya ta gama aikinta, ko da bayanta na ƙyalli, domin soson cikinta ya riga ya murƙushe. A sayi wata, a ɗaure igiyar har yatsa biyu kaɗai ke shiga ƙarƙashin haɓa.