Wai takardun sun cika wuri

Wai tsofaffin takardu ne, sun cika wuri. Dalilin ke nan da aka kwashe sashen rubuce-rubucen tarihi na laburaren birni aka kai sito, don a samu inda za a jera kwamfutoci. Kun dai ga hotunan da ke yawo, ba sai na tsaya bayani ba, kwalaye jibge a ƙasa sun jingina da bango mai damshi, wani ma bakinsa a buɗe ana hango rijistar haraji da wata taswira da aka naɗe aka ɗaure da roba. Sannunku da aiki. Allah ya ƙara basira.

Jama'a, littafin da aka buga daban, takardar da aka rubuta da hannu daban. Littafi in ya lalace akwai dubunsa a wani wuri, kuɗi kawai za a nema a sake saye. Amma wasiƙar da wani ya rubuta shekara 100 da suka wuce, da rijistar makarantar farko a gari, da bayanan zaman ƙungiyar 'yan kasuwa, da hoton layin da aka rushe aka yi titi, kowanne guda ɗaya ne tal a duniya. Guda ɗaya. In gara ta ci shi shi ke nan, babu kasafin kuɗin da zai dawo da shi, babu kwamitin da za a kafa ya dawo da shi.

Na san abin da za a ce, ai an riga an fara cewa: ai an yi sikanin, komai yana kwamfuta. To wa ya gani? Shafi nawa aka ɗauka cikin nawa? Yana wace na'ura, kuma wa ke riƙe da lambar sirrin, ko shi ma an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita a aljihu? Mu bar wannan ma, mu ɗauka an yi tsaf. A 1986 BBC ta haɗa wani gagarumin aiki na adana bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan zamani, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086, wato kundin ƙidayar filaye da dukiyoyin Ingila. Ba a yi shekara 20 ba na'urar da ke karanta faifan ta zama abin nema, sai da masana suka tashi tsaye suka ceto abin da ke ciki. Shi kuwa kundin 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan, ana buɗe shi a karanta. A watan Oktoba na 2023 masu kutsen kwamfuta suka afka wa British Library, babban laburaren ƙasar Birtaniya, da girmanta da kuɗinta, aka yi watanni mutane na fama kafin kundin neman littattafanta ya dawo intanet. Su ke nan fa. Amma mu an yi sikanin, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Ba na faɗa da sikanin, a yi shi, yana rage yawan taɓa takarda kuma na nesa ya amfana. Sai dai hoto ne, kuma hoto ba ya nuna maka irin takardar, ko tambarin masana'anta da ke ɓoye a jikinta wanda da shi ake kintatar shekarunta, ko ɗan rubutun da ke bayan shafi wanda mai sikanin ya ga ba shi da amfani ya tsallake. Asalin guda ɗaya ne.

Sai masu cewa ai babu mai karantawa. Yo ta yaya za a karanta abin da ba a rubuta jerin sunayensa ba, ɗakin a kulle, makullin kuma kullum yana hannun wanda bai zo aiki ba? Ka rufe ƙofa sannan ka ce ba a shigowa. Masu cewa matasa sun fi buƙatar kwamfuta kuma, eh suna buƙata, sai aka ce duk faɗin ginin nan ɗaki ɗaya ne ya rage? Ofishin da aka ƙawata da kujerun alfarma fa?

Abin da ya fi ci mini rai, sauran wurare bala'i ne ya faɗa musu. Ranar 1 ga Agusta 1994 wuta ta cinye babban laburaren birnin Norwich a Ingila, littattafai sama da 100,000 suka tafi, har da ɗimbin kayan tarihin yankin. A Maris na 2009 ginin adana tarihi na birnin Kolon a Jamus ya rufta saboda aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutum biyu suka rasu, mutane suka bi ɓaraguzai suna tsinto takardu yage-yage, gyaran kuma aiki ne na gomman shekaru. A Timbuktu, a Janairun 2013, lokacin yaƙin Mali, an rasa rubuce-rubuce sama da 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba da ke adana su, amma kafin nan Abdel Kader Haidara, wani mai kula da laburaren tsofaffin rubuce-rubuce a garin, da abokan aikinsa sun yi kasadar ransu sun fitar da dubban ɗaruruwa a akwatunan ƙarfe, wasu a mota wasu ta kogi, zuwa Bamako. Wancan wuta ce, wancan rushewa, wancan yaƙi. Namu kuwa biro ne kawai, wani ya sa hannu a takarda ya tafi cin abincin rana.

Wallahi ba don son hayaniya nake wannan dogon rubutu ba. Manyan gidajen adana tarihi na ƙasa labarin gwamnati suka fi riƙewa, sarakuna da gwamnoni da dokoki. Talaka in sunansa ya tsira, to a irin wannan ƙaramin ɗakin ya tsira, a layi ɗaya cikin rijista. Akwai wanda zai zo neman iyakar gonar kakansa, akwai wadda za ta zo neman shekarar da aka sa uwarta makaranta. Kuma da yawan takardun nan iyalai ne suka ɗauko daga akwatin mamacinsu suka kawo da hannunsu, saboda sun yarda nan ya fi gidansu tsaro. Amana ce aka karɓa, kuma ba su ajiye kwafi ba, don babu kwafin.

Maganar babu kuɗi ma ku daina. Ɗaga kwali daga ƙasa a ɗora a kanta nawa ne? Cire allura da ƙusar sitafula masu tsatsa, a raba takarda da bango mai jiƙa da hasken rana, a hana shiga da biro sai fensir, a zauna a rubuta me ke cikin kowane kwali, wanne ne a nan yake buƙatar kwangila? Ko da yake ƙila matsalar ke nan, babu kwangila a ciki.

Af, tunda ana maganar, don Allah masu liƙe tsohuwar takarda da salatif ku ji tsoron Allah. Bayan 'yan shekaru robar ta bushe ta faɗi, gam ɗin ya shige jikin takardar ya bar tabo ruwan ƙasa daidai kan rubutun da kuke son ceto. Masu kai wa a yi laminatin kuma kun fi kowa, zafi da gam kuka haɗa mata, kuma cire ta sai ƙwararre, shi ma ba kullum ba. Takardar haihuwarku ma da ta makaranta, ku nemi fayil ku sa a ciki kawai ku ƙyale ta.