Lamba 500 ba amsa ba ce

Kwana uku ke nan rabona da barcin kirki, kuma ba ciwo ne ya hana ni ba. Kamfanin da nake hayar uwar garke (wato kwamfutar da ke riƙe da manhaja da bayanai a intanet) a hannunsu ne ya zubar mini da mutunci a gaban mutanen da suka ba ni amana, kuma har yanzu da nake wannan rubutu yana ci gaba da cin kuɗina. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Sana'ata a nan Birnin Kebbi ita ce haɗa wa makarantu masu zaman kansu manhajar duba sakamako da biyan kuɗin makaranta. Ina da su a cikin gari, ina da su a Jega da Argungu. Kowace makaranta da tata uwar garke, don kada bayanan 'ya'yan wasu su cuɗanya da na wasu. Da can da hannu nake buɗe kowace a allon sarrafawa na kamfanin. Da aiki ya yi yawa sai na rubuta 'yar manhaja da ke magana da su kai tsaye ta API, wato ƙofar da kwamfuta ke aika wa kwamfuta saƙo ba tare da mutum ya latsa komai ba. Ka tura suna, da girman ma'ajiya, da ƙasar da kake so a ajiye ta, da irin Ubuntu ɗin da za a ɗora (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar), su kuma su dawo maka da amsa. Wata da watanni muna haka lafiya lau.

Ranar Litinin sabbin makarantu biyu suka biya ni, ana saura kwana huɗu a raba sakamakon zango na biyu. Na tura buƙata, sai ga 403.

Waɗannan lambobi ba kamfanin ne ya ƙirƙire su ba, ƙa'idar HTTP ce, wato tsarin aika saƙo a yanar gizo da duk duniya ke bi. Jerin ɗari biyu na nufin aiki ya yi. Jerin ɗari huɗu na nufin matsalar daga mai aikowa take. Jerin ɗari biyar kuwa, nasu ne ya lalace. 401 na cewa ba mu san ka ba, 403 na cewa mun san ka amma ba ka da izini. To, izinin me? Babu ko kalma ɗaya bayan lambar. Na soke makullina, wato lambar sirrin da manhajata ke shiga API da ita, na yanki sabo, na bi izininsa ɗaya bayan ɗaya, na ɓata awa biyu. Ashe makullin an ɗaure shi ne da adireshin IP, lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet. Mu kuwa a nan da layin waya muke aiki, adireshin yana iya canzawa duk sa'ad da sabis ya ɗauke ya dawo. Ban ƙi tsaro ba, ni ma ina son sa. Amma me zai rage su da shi in sun rubuta layi ɗaya cewa adireshin da ka fito ba ya cikin waɗanda aka amince da su?

Na gyara wannan, sai 422. Ita wannan lambar duk amfaninta shi ne ta nuna maka gurbin da ka cike ba daidai ba. Tasu cewa kawai ta yi bayanan ba su inganta ba. Gurbi goma sha ɗaya na tura, wanne daga ciki? Haka na zauna ina cire ɗaya ina gwadawa, ina mayarwa ina cire wani, sai ka ce mai neman allura a cikin rairayi. Daga ƙarshe na gano sun cire Ubuntu 20.04 daga jerinsu. Cirewar daidai ce, tun 2025 wa'adin kulawarsa na yau da kullum ya ƙare. Abin da ya ƙona mini rai shi ne littafin bayaninsu har gobe shi yake nunawa a matsayin misali, kuma ba wanda ya aiko da sanarwa. Na koma 24.04.

A nan ne aka yi mini babbar ɓarnar.

Ƙarfe biyu na dare ina zaune a kan tabarma a tsakar gida, don nan ne sabis ya fi kamawa. Babu wuta tun la'asar, zafin da ƙasa ta sha da rana yana tasowa ta ƙarƙashin tabarmar, wayar da nake jawo data da ita ta yi zafi har ba ta riƙuwa, batirin kwamfuta saura kashi goma sha ɗaya. Na tura. Minti guda cur yana juyawa, sai 504. Na sake, 500. Na sake, 504 kuma. Sau shida na gwada kafin kwamfutar ta mutu, kuma duk amsar da ta zo cewa take ba a yi ba.

Da safe na je shagon caji na buɗe allon sarrafawa. Uwar garke shida reras! Biyu sun tashi rabi da rabi, huɗu sun maƙale a kan "ana girkawa". Na ce bari in goge su, sai 409, wai suna kan aiki ba a taɓa su. Amma agogon kuɗi bai maƙale ba. Awa-awa suke lissafi, kuma da dala.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS, na'ura ta ce bai yi ba amma alat ya shigo an cire kuɗi, ya san wannan ciwon. Abin da 504 ke nufi shi ne mai tsaron ƙofa ya gaji da jiran amsa daga ciki ya sallame ka, alhali a can ciki aiki bai tsaya ba. Kuma maganin wannan ba sabo ba ne. Aikin da zai ɗauki lokaci, 202 ake mayarwa, ma'ana mun karɓa, ga lambar da za ka riƙa bibiya da ita. Sannan akwai lambar shaida da mai aikowa ke liƙa wa buƙatarsa, ta yadda ko sau goma ya maimaita, sau ɗaya za a aiwatar. Kamfanonin hada-hadar kuɗi sun daɗe suna amfani da ita. Wanda ke karɓar kuɗin mutane awa-awa ba shi da uzurin rashinta.

Wataƙila a wurinsu kuɗin ba wani abu ba ne. A wurina jini ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi tashin gwauron zabo, har ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Fetur ɗin janareta ya ninka tun cire tallafi a Mayun 2023, kuɗin data ma an ƙara a farkon 2025. Ni kuma da naira makarantu ke biya na, wasu ma sai ƙarshen zango.

Na buɗe tikitin koke. Na liƙa musu umarnin curl (manhajar tura buƙata ta API) da na yi amfani da shi, da lokacin kowace buƙata har daƙiƙa, da amsar da ta dawo. Bayan awa goma sha huɗu wani ya rubuto cewa in share tarihin burauzata in sake gwadawa. Wace burauza? Ni da na ce ta API nake shiga! Ko karanta abin da na rubuta bai yi ba. Na yi bayani daga farko, wani daban ya zo ya ce in turo hoton allo. Shafin da suke nuna lafiyar ayyukansu kuwa kore shar, wai komai daidai. Amsoshinsu ba sa zuwa da lambar bibiya da ma'aikacinsu zai duba a rajista ya ga abin da ya faru, don haka magana ta koma tsakanin bakina da nasu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran Hajiya, mai ɗaya daga cikin makarantun, mace mai shekarun mahaifiyata. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗana, mi ya faru? Iyayen yara sun dame ni. In abin ga ba shi yiwuwa, gaya mini gaskiya mu koma takarda." Shekara guda na yi ina lallashinta ta bar takarda. Me zan ce mata? In ce 504? Haƙuri na ba ta, na ɗauki laifin da ba nawa ba, don ni ta sani, ba ta san wani kamfani a bayan teku ba.

Jiya na kwana ina ɗora makarantun biyu a wani wurin daban, da kuɗin aljihuna, sakamako zai fita gobe in sha Allahu. Ku kuma masu kamfani, abin da nake nema a wurinku ba alfarma ba ce. Ku goge huɗun nan da kuka ce ba ku ƙirƙira ba, ku dawo mini da kuɗin kowace awa da kuka lissafa a kansu, ku gyara littafin bayaninku, kuma in abu ya lalace ku faɗi abin da ya lalace. Na sake dubawa kafin in fara wannan rubutu: suna nan a maƙale, lissafi ya shiga awa ta sittin, tikitina kuma ba wanda ya taɓa shi tun shekaranjiya.