Yadda Manhajata Ta Bi Surukina Bashi

A watan Afrilun 2023 na ajiye aikina na farko, a wani kamfanin rubuta manhajar kwamfuta da waya a Abuja. Shekara biyu albashi na shigowa duk ƙarshen wata, amma zuciya ta dinga raya mini cewa ni ma na isa a kira ni oga. Na tattara komatsaina na hau motar Katsina.

Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana kallona.

"Korar ka aka yi?"

"A'a Baba, ni na ajiye."

Ya juya wajen Hajiya. "Kin ji ko? Shi ya kori kansa."

Na kama shago a wajen Ƙofar Ƙaura, na biya hayar shekara, na kafa allo: ANA RUBUTA MANHAJA. Ragowar kuɗin na sayi ƙaramin janareta. Ko wata bai yi ba, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Janareta ya koma kujerar baƙi.

Baƙi kuwa sun zo. Ta farko wata tsohuwa ce da wayarta ta faɗa cikin kunu. Na ce, "Inna, ba gyaran waya nake ba, rubutu nake wa kwamfuta." Ta ce, "To ɗan nan, ita ma ka yi mata rubutun mana, ko Allah zai tashi kafaɗarta." Sai masu caji, duk ranar da aka kawo wuta. Da farko ina korarsu, daga baya na sayi soket mai baki goma.

A wata na uku Allah ya kawo ciniki na gaske. Alhajin da ke sayar da kayan masarufi a layinmu ya shigo ransa a ɓace: yaron shagonsa ya yage shafi biyu na littafin bashi ya ƙunshe ƙosai. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan yi maka abin da ɓera ma ba zai ci ba. Suna, lambar waya, kuɗin da ake bin mutum, kuma duk Juma'a da safe ta tura masa saƙon tuni da kanta."

Idonsa ya yi haske. "Injiniya, ka san mu Katsinawa, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Akwai wanda nake bi tun kafin korona, kullum muna sahu ɗaya. In inji zai yi maganar, ai shi ke nan." Ladan aikin kuwa, ya ce a cire daga bashin taliya da madarar da nake ɗauka a wurinsa.

Kwana goma ina kai. Wajen gwaji, don in ba kaina dariya, na rubuta saƙon wucin gadi: "Kai! Biya bashin Alhaji, Allah na ganinka." Na sa sunana da lambata a ƙasa, da niyyar in na gama in musanya da kalamai masu ladabi. Daren Alhamis aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, na rufe kwamfuta na tafi zance.

Juma'a ƙarfe bakwai wayata ta fara ruri kamar ana yanka ta. Mutum sama da ɗari suka samu. Har liman. Har mai unguwa. Ni kaina na samu, da sa hannuna. Baba ya leƙo ɗakina riƙe da waya nesa da fuska, don bai sa tabarau ba.

"Ni ne Kai?"

Ban ma san yana cikin littafin ba. Sukarin azumi ne.

Ranar can Ƙofar Guga na je sallar Juma'a, inda ba a san ni ba. Na dawo ta lungu na tarar da Alhaji yana ƙirga kuɗi, baki har kunne. Kafin la'asar kusan rabi sun biya, kowa ya ajiye ya fita ba sallama. "Kada ka taɓa ko harafi ɗaya, Injiniya!" Har ya turo mini 'yan kasuwa biyu.

Muna cikin haka sai ga mahaifin yarinyar da nake nema, wadda ake shirin kai kuɗin gaisuwarta, cikin babbar riga. Na zube ƙasa. "Baba, barka da Juma'a." Bai kalle ni ba sai da ya ƙirga wa Alhaji kuɗin buhun shinkafa tsaf, ya sa aka soke sunansa a gabansa. Sannan ya waiwayo.

"Ka gaya wa magabatanka, sadaki lakadan ne. Ni ba ni da injin da zai bi ka."