Gaisuwar Suruki a Kilomita na Huɗu

Tumbi ne ya kai ni kulob ɗin ƴan gudu, ba sha'awa ba. Likita ya ɗora ni a sikeli, allura ta tsaya a kilo 96, ya auna jinina, sannan ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce in zaɓa: ko motsa jiki, ko haɗiyar ƙwaya kowace safiya. Na zaɓi motsin, tunda ita ƙwaya da kuɗi ake sayenta.

Mu wajen talatin ne a kulob ɗin. Asabar da Lahadi, da an sallame asuba, muna haɗuwa a bakin filin wasa na Seyni Kountché a Yamai. Shugabanmu tsohon soja ne, siriri kamar sandar makiyayi, ko gaisuwa yake yi idonsa na kan agogo. Ƴan fadarmu kuwa sun sami abin shan shayi da shi. Magidanci da babur ɗinsa lafiyayye, ya fito yana gudu ba wanda ya koro shi! Wani cikinsu har tarihi ya jawo mini, ya ce lambobin Olamfik biyu da Nijar ta taɓa ci duk da dukan mutane aka samo su: Issaka Daboré a dambe cikin 1972, Alfaga a tekwando cikin 2016. Gudu dai, in ji shi, a bar wa ƴan Kenya da Habasha kayansu.

Wata huɗu ina wannan fama, sai aka shirya tseren kilomita 10 a watan Disamba. Za a tashi daga filin wasa, a gangara gadar Kennedy, a ƙetare zuwa Harobanda, a juyo wajen jami'ar Abdou Moumouni a dawo. Na biya jika biyu, aka ba ni lambar maƙalawa a ƙirji. Daga nan na wuce Katako na sayi takalmin gwanjo da jar riga da gajeren wando.

Wandon nan shi ne asalin labarin. Mai kayan ya rantse irinsa zakaru ke sawa, bai yi ƙarya ba, sai dai zakarun ba su da cinya irin tawa. Da na gwada a gida, uwar yara ta dube ni sama da ƙasa, ta riƙe haɓa, ta ce, "Malam, Allah dai ya sa kada ka gamu da wanda kake jin nauyi." Na ce da sassafe ne, wa zai gan ni?

Kafin a tashi shugaba ya tara mu ya yi huɗubarsa. Ya ce Kipchoge, zakaran gudu na Kenya, ya yi kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin cikin 2022, wato kowace kilomita ƙasa da minti 3, amma a cikinmu babu Kipchoge, babu ma maƙwabcinsa. Ya nuna ni da yatsa: "Kai, minti 7 kowace kilomita. Sauri ya haifi nawa." Na gyaɗa kai.

Ana busa usur na manta. Hanyar gada gangara ce, mai nauyi kuma gangara ƙawarsa ce. Na wuce ƴan lakwal, na wuce wani jandarma, na wuce shugaba da kansa yana kiran sunana ina yi kamar iska ce. A kan gada hazon hunturu ya rufe kogi, ruwa ya cika maƙil kamar yadda yake yi a wannan lokaci in ruwan Gini ya iso, masu jiragen kwale-kwale suna ɗago kai suna kallonmu. Gadar nan tun 1970 take tsaye, amma ina jin ba ta taɓa ɗaukar mai alfahari irina ba. Har na fara shirya abin da zan faɗa a fada da yamma.

Ina sauka Harobanda, daidai kilomita na huɗu, na hango farin rawani a bakin hanya. Ƴan sanda sun tare titi saboda mu, mutane sun yi cirko-cirko suna jiran a buɗe. A sahun gaba, da carbi a hannu da aminansa biyu a gefe, surukina ne tsaye.

Ba'adare ne na Tawa, ɗan kasuwar albasa, mutumin da shekara tara ina auren ƴarsa ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, bai taɓa ganin gwiwata ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Na yi niyyar kau da kai. To ina mutum mai kilo casa'in cikin jar riga zai ɓuya? Idanunmu suka haɗu. An ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ni kuwa na haɗa shi da surukuta: na ja birki, na ratse, na durƙusa, hannu biyu na jan wando ƙasa, wando na cewa iyakata ke nan.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Mi ya hwaru? Wa ka korar ku?"

Ina haki na ce wasa ne, Baba, tsere ne. Ya ce da kokowa ce da ya gane, ko banza akwai takobi. Sannan ya shiga gaisuwa irin tasu wadda ba ta san agogo ba. Ina gida, ina ɗiya, ina mai sunan Hajiya, ya sanyi, ya kasuwa, ya labarin mutanen ƙauye. Yana gamawa amini na farko ya ɗauka daga fari. Na biyu ya ɗan yi nauyin kunne, kowace amsa sai na maimaita. Ta gefen ido ina ganin duk waɗanda na wuce suna wuce ni: jandarma, ƴan lakwal, shugaba yana buga agogonsa da yatsa, har wata hajiyar kulob ɗinmu da ke gudu da hijabi tana jan salati.

Daga ƙarshe Baba ya ce, "To madalla. Tashi ka tahi, kak ka makara."

Na ce to. Na yunƙura. Ƙafa ta ce ba da ita ba.

Tsokar da ta sha gudun da ya fi ƙarfinta, ta yi zafi, aka naɗe ta farat ɗaya aka bar ta cikin sanyin hunturu, ai ba ta miƙewa don an ce ta miƙe. Cinyar dama ta ɗaure tamau kamar igiyar guga, sha-raɓar hagu ta dunƙule kamar curin fura. Na sake cewa to, ina murmushi, hawaye na taruwa.

"Tashi mana, ɗana."

"To, Baba."

Mai nauyin kunnen ya juya wajen surukina ya ce, "Alhaji, ka yi dacen suruki. Yaran yanzu wa ka yi maka wanga ladabi?" Baba ya ji daɗi, ya ɗaga hannu ya fara sa mini albarka. Addu'a doguwa, ta haɗa da iyayena da zuriyata da damina mai zuwa. Ina amin, amin, cinya na amsawa da nata yaren. Sai da aka shafa na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a gafarce ni, ba na iya tashi."

Ya yi shiru yana dubana. Taimakon gaggawar da ya fara yi mini shi ne ya zare mayafin kafaɗarsa ya rufe mini gwiwoyi.

Motar ƴan agaji da ke bin bayan na ƙarshe ita ta kwashe ni. Samari huɗu suka ɗaga ni a durƙushe yadda nake, kamar tulu, suka ajiye a ciki, ɗaya ya miƙe ƙafar yana danna yatsun sama ina kiran sunayen Allah, wani ya fasa mini piyawata a ka. Na sake ƙetare gadar Kennedy a kwance, ina kallon rufin mota. A filin wasa na tarar ƴan fada sun zo da butarsu da gawayinsu don su tarbe ni, suka kuwa tarbe ni. Shugaba bai yi faɗa ba. Ya buɗe littafinsa ya karanta wa kulob sakamakona da muryar fareti: kilomita 4, minti 22, gaisuwa, bai tsaya ya ƙirga ba.

Washegari da hantsi wani yaro ya yi sallama da leda a hannu, ya ce daga Harobanda. Uwar yara ta buɗe, ta toshe baki da gyale ta shige ɗaki. Yadi ne mita uku, ruwan toka, mai kauri, da jika ɗaya na tela. Na tambayi yaron ko akwai saƙo. Ya ce Alhaji ya ce a ɗinka har idon sawu.