Ɗan gado a ƙungiyoyin ɗaliban Amurka: a ba shi gayyata, kada a ajiye masa kujera

Duk shekara, da zarar jami'o'in Amurka sun koma karatu a ƙarshen Agusta, shugabannin ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai, waɗanda ake ce wa firataniti, sukan fara samun wasiƙu da kiran waya daga dattawa. Maganar ba ta canzawa: "Ɗana ya shigo makarantarku bana, ni ma a gidan nan na tashi, ku duba min shi." Irin wannan yaro, wanda ubansa ko kakansa ko wansa ya yi ƙungiyar, shi ne ɗan gado. Ra'ayina a kansa shi ne a gayyace shi, a zauna da shi, a saurare shi da mutunci, sannan a auna shi da mudun da ake auna ɗan kowa. Dattijon da ya nemi fiye da haka yana cutar ƙungiyar da yake ƙauna, yana kuma cutar ɗansa.

Kada a haɗa firataniti da ƙungiyoyin asirin da suka addabi jami'o'in Najeriya, ko da yake Pyrates da aka kafa a Ibadan a 1952 ita ma da sunan 'yan'uwantaka ta fara. Na Amurka a fili suke, da rajista, da gida mai haruffan Girkanci a goshinsa. Rantsuwa da bikin shiga ne kawai sirri. Tushensu ya kai 1776, lokacin da aka kafa Phi Beta Kappa a kwalejin William and Mary, irin ta zamani kuma ta fara da Kappa Alpha a kwalejin Union a 1825. Abin da ya shekara ɗari biyu dole ya tara jikoki. George Bush uba da George Bush ɗa duk 'yan Delta Kappa Epsilon ne a jami'ar Yale, ƙungiyar da aka kafa a can tun 1844.

Ga yadda ake shiga. Ana buɗe makon zawarci, sababbin ɗalibai su yi ta zaga gidaje, ana cin abinci ana hira. Da dare mambobi su kulle ƙofa su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya su kaɗa ƙuri'a. A da, a wasu rassan, ƙuri'ar ƙi ɗaya zuwa uku ta isa ta kayar da mutum. Wanda ya tsallake a miƙa masa katin gayyata, ya zama ɗan gwaji na kamar mako shida zuwa takwas, a haɗa shi da wani yaya da zai riƙe shi, sannan a rantsar da shi. Ɗan gado yana shiga wannan layi da sunansa a rubuce tun kafin ya sauke akwati. A ɓangaren mata ma a da abin a tsare yake: ƙungiyoyi da yawa sun daɗe suna ba 'yar gado tabbacin gayyata zuwa zagaye na gaba, idan ta kai zagayen ƙarshe a sa ta a saman jeri, idan kuma aka sauke ta a sanar da uwarta ko yayarta.

Me ya sa samari 'yan shekara 20 suke jin tsoron ƙin ɗan wani dattijo? Gida. Ɗalibi shekara huɗu yake yi ya wuce, gidan kuwa yana nan. A mafi yawan wurare ba ɗalibai ke da shi ba, mallakar wani kamfani ne na tsofaffin mambobi, ko kuma su ke riƙe da hayarsa daga jami'a. Su ke karɓar kuɗin ɗaki, su biya bashin banki, su sauya rufi, su gyara tukunyar ɗumama gida kafin hunturu. Idan aka tashi babban gyara, ga su ake kai ƙoƙon bara. To wanda ya sa hannu a aljihu ya rufa maka ɗaki, da wane baki za ka ce masa ɗansa bai dace ba? Nan ne biyayya take komawa ciniki, ba tare da kowa ya ambaci farashi ba.

Ba na raina abin da uban yake ji. Mutum ya kwana a ɗakin nan na sama, hotonsa yana jikin bangon matakala tare da 'yan ajinsa, a nan ya sami abokin da ya tsaya masa ranar aure, wataƙila da wanda ya fara ba shi aiki. Ya adana ɗan bajen ƙungiya shekara talatin a cikin akwati yana jiran ranar da zai maƙala wa ɗansa a ƙirji da hannunsa. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma ba mai tsawata wa uba don ya yi wannan buri. Amma wani lokaci albasa ba ta yin halin ruwa, wani lokaci kuma gidan ne ya canza, samarin da ke ciki yau ba irin na zamanin uban ba ne.

Akwai kuma lissafin da masu kare gado ba sa son a yi. Gado yana kwafe jiya ne ya liƙa a yau, jiyan nan kuwa a rufe take. Ƙungiyoyi da dama sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa farar fata kaɗai, wasu ma Kirista kaɗai, har zuwa shekarun 1950 da 1960. A 1948 reshen Phi Kappa Psi na kwalejin Amherst ya ɗauki ɗalibi baƙar fata, uwar ƙungiya ta ƙwace masa lasisi. Kakan da aka hana shiga ba shi da abin da zai bar wa jikansa. Kuma kada a ce tsohon labari ne: a 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta fallasa cewa a wasu ƙungiyoyin mata ɗaliban sun so ɗaukar 'yan mata baƙaƙe, tsofaffin mambobi ne suka taka birki. Shi ya sa a 2020 manyan ƙungiyoyin mata irin su Delta Gamma da Kappa Alpha Theta suka soke fifikon 'yar gado, kuma na ga sun yi daidai.

Wanda yake son ganin aminci mai amfani ya dubi ƙungiyoyin baƙaƙen Amurka guda tara. Alpha Phi Alpha ta fara a jami'ar Cornell a 1906, Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, 'ya'yanta ne. Phi Beta Sigma ta fara a jami'ar Howard a 1914, Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun shige ta suna karatu a Amurka. Su ma suna da 'yan gado, su ma sun sha fama da gwale-gwalen sababbi, ba na wanke su. Bambancin shi ne wanda ya gama karatu yana komawa reshen manya a garin da yake zaune, ya ci gaba da biyan kuɗi, ya halarci taro, ya shiga aikin tallafin karatu da rajistar masu zaɓe. Amincinsa aiki ne na kowane wata.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron kansa. Ɗan wani idan aka matsa masa da gwale-gwale zai iya ajiye baje ya tafi. Ɗan gado fa? Zai koma gida ya ce wa ubansa ya kasa jure abin da uban yake ba da labari yana dariya a teburin cin abinci? Sai ya haɗiye. Kuma tsofaffi ne ke raya wannan masifa, duk lokacin da suka dawo taron shekara suka ce wa yara, "Mu a zamaninmu abin ya fi haka." Yara su ji kunya su ƙara wuta. A Fabrairun 2017, a gidan Beta Theta Pi na jami'ar Penn State, aka ɗura wa wani ɗan gwaji mai shekara 19 giya har sau 18 cikin minti 82, ya faɗo daga matakala, aka yi kusan awa 12 kafin a kira agaji, ya mutu. Kyamarorin gidan sun ɗauki kusan komai. Jihar Pennsylvania ta tsaurara dokarta ta hana gwale-gwale a 2018, dokar tarayya kuma ta biyo baya a Disamban 2024, wadda ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka.

Iyaye su san wani abu kuma. Kuɗin inshora yana cikin abin da ɗalibi ke biya, amma inshorar uwar ƙungiya takan cire wanda ya karya dokokinta na giya da azabtarwa. Ranar shari'a sai yaro ya tsinci kansa shi kaɗai, lauyoyi su nufi dukiyar iyayensa.

Dattijon da ke son gidan da gaske yana da aiki jibge. Ya karɓi muƙamin mai ba reshe shawara, ya riƙa zuwa taron mako, ba sau ɗaya a shekara ranar wasan ƙwallo ba. Ya duba littafin ma'aji duk zango, domin ma'ajin yaro ne, kuma bashin kuɗin ƙungiya da abokai ke ƙin biya shi ke durƙusar da rassa a hankali. Ya nemi jadawalin makonnin gwaji a rubuce, dare bayan dare, musamman daren da ake haɗa yaya da ƙane, don a irinsa aka fi ɗura wa yara kwalba. Ya goyi bayan gyara ko da ya taɓa al'adar zamaninsa: Phi Delta Theta ta fitar da giya daga gidajenta a 2000, Sigma Alpha Epsilon ta soke zaman gwaji a 2014 ta ce a rantsar da sabo cikin awa 96. Idan zai ba da kuɗi, ya fara da bututun yayyafin kashe gobara da ƙararrawar hayaƙi kafin sabon falo, don gobarar gidan Phi Gamma Delta na jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill a 1996 ta ci rai biyar. Idan kuma ya rubuta wasiƙa a kan ɗansa, ya rubuta sau ɗaya, ya faɗi halin yaron da gaskiya, kada ya ambaci gudummawar da ya taɓa bayarwa, sannan ya kira yaron ya gaya masa da bakinsa cewa idan ya zaɓi wani gida, ko ya ƙi shiga kowanne, ko ya fita ana tsakiyar gwaji, ba abin da zai taɓa tsakaninsu.