Na raka wata tsohuwa ziyarar Vaishno Devi

Tun da na sa hotona a kan dutsen Vaishno Devi, wurin ibadar mabiya addinin Hindu a Indiya, ake ta turo mini saƙo. Wasu tambaya suke yi, wasu wa'azi, wani bawan Allah ma cewa ya yi in gaggauta sake kalmar shahada. To bari in yi bayani sau ɗaya, kowa ya huta.

Ina da abokin karatu a nan Indiya, mabiyin addinin Hindu ne, shekara biyu muna ɗaki ɗaya. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, mahaifiyarsa ce ta riƙa aiko mini da abinci kamar ɗan cikinta. Mama nake ce mata. Ta yi bakance cewa idan ɗanta ya gama karatu lafiya za ta kai ziyara wurin allahiyarsu Vaishno Devi. Ya gama, ga ciwon gwiwa ya sa ta a gaba, suka ce in zo in taya su hidima. Da wane bakin zan ce a'a?

Wurin yana kan tsaunukan Trikuta, a yankin Jammu da Kashmir. Jirgin ƙasa ya sauke mu a Katra, garin da ke gindin dutsen, inda ba a sayar da nama ko giya, don haka mai son tsire sai ya yi haƙuri. Daga nan tafiyar kusan kilomita 13 ce, galibinta hawa. Dare da rana mutane na tafe, jan ƙyalle ɗaure a goshi, suna ta kirarin "Jai Mata Di". Abin da suke zuwa gani kogo ne mai ɗauke da wasu duwatsu uku da suke kira pindi, waɗanda a wurinsu su ne allolinsu mata Kali da Lakshmi da Saraswati. Ban shiga ba, kuma ba wanda ya ce in shiga.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne mai dokin da muka ɗauka wa Mama. Ina ɗaga ta kan sirdi na ce bismillah, sai ya juyo da sauri ya yi mini sallama. Ashe da yawa daga masu dawakin nan da 'yan dako Musulmi ne, cikinsu har da 'yan ƙabilar Gujjar, makiyaya irin Fulaninmu. Su ne ke saɓa tsofaffi a kafaɗa bisa karaga, mutum huɗu-huɗu, har ƙoli. Da la'asar ta yi muka raɓe gefe ni da shi muka yi sallarmu, Mama na zaune tana tsare mana takalma. Shi kullum yana kan hanyar nan, abincin iyalinsa ke nan, kuma goshinsa da tabon sujada. Ni da na zo sau ɗaya rakiya ne imanina zai zube? Raka mutum daban, bauta wa abin da yake bauta wa daban.

Tsarinsu ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Tun 1986 aka kafa hukumar da ke kula da wurin, kuma a 2012 maziyarta sun haura miliyan 10. Duk da haka, ranar 1 ga Janairun 2022 turmutsutsu ya kashe mutum 12, shi ya sa yanzu sai an ba ka katin lantarki ka rataya a wuya, ana sanin yawan jama'ar da ke kan hanya. Mu da muka rasa alhazai a Mina a 2015 ba sai an faɗa mana amfanin wannan ba. Abin da bai yi mini daɗi ba, mai kuɗi jirgi mai saukar ungulu yake hawa zuwa Sanjichhat, wani zango kusa da kogon, cikin 'yan mintoci, talaka na ƙasa yana haki. Wannan kam ko a namu aikin hajjin ba baƙon abu ba ne.

Mama ta fito daga kogon tana hawaye, ta miƙo mini alawar da suke rabawa don tabarruki. Ɗanta ya raɗa mata cewa ba zan ci ba. Ta dube ni, ta yi dariya, ta ƙulle abarta a bakin zane, ta ja hannuna zuwa wurin mai shayi.