Aji ɗaya tak ya yi kaɗan ga masu naƙasar fahimta a ƙwallon tebur

A gasar Paralympics, wato gasar Olympics ta masu naƙasa, an kasa 'yan ƙwallon tebur aji 11. Biyar na farko na masu keken guragu ne, biyar na biye na masu buga wasa a tsaye. Masu naƙasar fahimta kuwa, duk bambancin da ke tsakaninsu, an tattara su a aji na 11 kaɗai. A ganina wannan rabo bai yi adalci ba.

Abin yana da tushe. A gasar Sidni ta 2000, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a rukunin masu naƙasar fahimta, daga baya asiri ya tonu cewa 10 daga cikin 'yan wasanta 12 lafiyarsu ƙalau. Sai laifin tudu ya hau kan gangare: aka rufe wa masu wannan larura ƙofar gasar gaba ɗaya. Ba su dawo ba sai a Landan a 2012, kuma a wasanni uku kawai, wato guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya da ƙwallon tebur. Shekara 12 ke nan da aka tauye wa mutanen da ba su cuci kowa ba.

Na yarda dole a tsaurara tantancewa. Ana duba ma'aunin basira, kada ya wuce 75, ana duba yadda mutum ke tafiyar da harkokinsa na yau da kullum, sannan a gwada shi a kan tebur, a ga yadda yake karanta juyin ƙwallo da yadda yake sauya dabara. Wannan daidai ne. Kuma zakaru irin su Peter Palos na Hungari, wanda ya ci zinare a Landan ya sake ci a Tokiyo, sun nuna cewa wasan ajin ba na jeka-na-yi-ka ba ne.

Amma fa dubi mai larurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita. Ban da jinkirin fahimta, yawanci yana fama da laushin tsoka da gajartar gaɓoɓi. A haɗa shi da wanda jikinsa garau yake, a wasan da ƙwallo ke dawowa kafin ƙiftawar ido, ai an gama hukunci tun ba a fara ba. Ƙungiyar Virtus, mai kula da wasannin masu naƙasar fahimta a duniya, ta gane haka, ta ware musu rukuni na daban a gasanninta. Paralympics ba ta bi sahu ba tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan kulob-kulob. Koci yakan zuba ƙarfinsa inda yake hango lambar yabo. Shirin Special Olympics, na wasannin masu naƙasar fahimta, da aka fara a 1968, yana haɗa 'yan wasa gwargwadon iyawarsu, shi ya sa yaron da bai daɗe da riƙe faifan bugu ba yake samun tsaransa. Wanda ya ƙware ya wuce wannan mataki ne ke rasa inda zai dosa, alhali shi ma yana son ya ɗaga tutar ƙasarsa.